Ma'o, Audugar Tsibiran Hawayi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Dasa Ta a Lambu

Tsibiran Hawayi, waɗanda ke tsakiyar Tekun Fasifik da nisan fiye da kilomita 3,000 daga gaɓar nahiyar Amurka, suna da audugarsu ta asali wadda ba ta fitowa da kanta a ko'ina cikin duniya sai can. Mutanen tsibiran suna kiranta ma'o, masana tsirrai kuma suna kiranta Gossypium tomentosum. Duk da cewa ta riga ɗan Adam zama a tsibiran, yawancin lambunan gidaje a Honolulu cike suke da furannin da aka kawo daga Asiya da Kudancin Amurka, har mutum yana iya girma a birnin bai taɓa sa ta a ido ba. Amsoshin da ke biye sun shafi abin da mai son dasa ta yake bukatar sani, kuma mafi yawansu suna komawa ga abu guda, wato ita shuka ce ta busasshiyar gaɓar teku, wadda yawan hidima ya fi fari saurin kashe ta.

Wace irin shuka ce ma'o, kuma yaya kamanninta suke?

Ma'o 'yar ƙaramar itaciya ce mai rassa da yawa, wadda take shekara da shekaru a raye ba tare da an sake shuka ta kowace damina ba, saɓanin yadda manoma suke yi da audugar gona. Tsayinta yakan kama daga rabin mita zuwa mita ɗaya da rabi, amma faɗinta ya fi tsayinta, domin rassanta suna bazuwa gefe da gefe har su rufe wuri mai faɗin mita biyu zuwa uku idan ta samu sarari. Ganyenta yana da yatsu uku ko biyar kamar na sauran auduga, sai dai wani lallausan farin gashi ya lulluɓe shi sama da ƙasa, shi ya sa daga nesa ake hango ta toka-toka da sheƙin azurfa maimakon kore shar. Wannan gashi yana sassauta wa ganyen zafin rana, yana kuma rage ruwan da iska take zuƙewa daga jikinsa. Furenta ruwan ɗorawa ne tsantsa, faɗinsa ya kai santimita 5 zuwa 7, kuma ba shi da jan tabon nan da ake gani a tsakiyar furen kuɓewa, ko da yake danginsu ɗaya da kuɓewar da rama da yakuwa.

Wanda ya raɗa mata sunanta na kimiyya shi ne Thomas Nuttall, masanin tsirrai ɗan Ingila da ya ziyarci tsibiran a tsakiyar shekarun 1830, sannan wani masanin tsirrai, Berthold Seemann, ya buga sunan a 1865.

A ina take fitowa da kanta?

Mazauninta shi ne busassun filaye da duwatsun da ke bakin teku, daga gaɓa zuwa tudun da bai wuce mita 120 ba. An san ta a tsibiran Niihau da Oahu da Molokai da Lanai da Maui da Kahoolawe. A da tana Kauai, amma ta ɓace daga dajin can, kuma ba a lissafa babban tsibirin Hawayi cikin wuraren da take fitowa da kanta. A Oahu, wanda ya bi hanyar ƙafa ta yankin Kaena a ƙuryar arewa maso yamma, ko gaɓar Makapuu a kudu maso gabas, yana iya cin karo da ita tsakanin duwatsu.

Fahimtar yanayin waɗannan wurare ita ce rabin aikin dasa ta. Iskar da ta fi kaɗawa a Hawayi daga arewa maso gabas take zuwa ɗauke da danshin teku, ta bugi tsaunuka ta zubar da ruwanta a wannan ɓangaren, sai ta gangara ɗaya gefen a bushe. Saboda haka a tsibiri guda ana samun tsaunin da ruwan samansa yake kai milimita dubbai a shekara, kamar Waialeale a Kauai da yake cikin wuraren da suka fi samun ruwa a duniya, alhali gaɓar da ke bayan tsaunin ba ta samun fiye da 'yan ɗaruruwa. Ɗan ruwan da busasshen gefen yake samu yakan zo ne galibi tsakanin Nuwamba da Maris, sauran watannin kuwa rana ce da iska mai gishiri. A nan ma'o ta saba.

Tunda auduga ce, me ya sa ba a noma ta don a yi zare?

Idan ƙwallonta ya nuna ya fashe gida uku, abin da ake gani a ciki shi ne 'yan ƙwayoyin iri lulluɓe da gajeren gashi mai launin ƙasa-ƙasa da ratsin ja, wanda ya manne wa irin ƙam. Ba shi da tsawon da zai kamu a mazari, don haka ba a kaɗa shi, ba a kuma saƙa da shi. Mutanen Hawayi na dā ma ba masaƙa ba ne. Suturarsu, wadda suke kira kapa, daga ɓawon itacen wauke ake yin ta, a jiƙa shi a buge shi da sanda har ya baje ya zama ƙyalle. Gurbin ma'o a wannan sana'a shi ne rini: ana samun launin kore daga ganyenta, launin ɗorawa kuma daga furenta. Masu farfaɗo da aikin kapa a yau suna daga cikin waɗanda suka fi neman ta a lambunansu, kuma su ne suke iya tsinkar ganye kaɗan-kaɗan ba tare da sun illata uwar ba.

Yaya aka yi auduga ta isa tsibiran da ke tsakiyar teku?

Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa dangin ma'o na kusa suna nahiyar Amurka. Tana cikin rukunin audugar da ke da kuromozom (ƙunshin ƙwayoyin gado) 52, tare da Gossypium hirsutum wadda ita ce take samar da kimanin kashi 90 cikin ɗari na audugar duniya, da Gossypium barbadense mai dogon gashi, da wata ta tsibiran Galapagos, da wata ta arewa maso gabashin Brazil. Wannan rukuni ya samu ne shekaru miliyan ɗaya zuwa biyu da suka wuce, lokacin da wata auduga mai asali daga ɓangaren Afirka da Asiya ta haɗu da wata ta nahiyar Amurka. Ke nan rabin gadon ma'o yana da alaƙa da tsohuwar audugar Afirka, Gossypium herbaceum.

Game da yadda kakanninta suka ƙetare teku, bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne cewa iri ne ya bi igiyar ruwa. Irin audugar daji yana da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya shiga da sauƙi, yana kuma jure gishiri na tsawon lokaci. Wannan taurin ɓawo da ya tsallakar da ita teku shi ne yake ba mai lambu wahala wajen tsirar da ita, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Me ya sa ta yi ƙaranci a daji?

Dalilan sun taru ne a kan juna cikin shekaru fiye da ɗari biyu. Matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila Kyaftin Cook ya sauke awaki a tsibiran a 1778, takwaransa George Vancouver ya kawo shanu ga Sarki Kamehameha na Ɗaya a 1793, sarkin kuma ya hana a yanka su domin su yaɗu, suka yaɗu fiye da kima. A shekarun 1860 aka kawo wata irin barewa mai ɗige-ɗige 'yar asalin Indiya zuwa Molokai. Tsirran Hawayi sun yi zamansu na tsawon zamani ba su san dabba mai kiwo ba, don haka ba su da ƙarfin jure ci da tattakewa. Bayan dabbobi sai baƙin tsirrai: itacen kiawe mai ƙaya, wanda wani limamin Katolika ɗan Faransa, Alexis Bachelot, ya fara shukawa a Honolulu a 1828, ya mamaye busassun gaɓoɓi, sannan ciyayin kiwo da aka kawo daga Afirka, ciki har da Cenchrus ciliaris 'yar uwar ƙarangiya, suka rufe ƙasar da irin ma'o zai faɗa ya tsira.

Waɗannan ciyayi su ne makamashin gobarar daji. Suna tofowa da zarar an yi ruwa, su bushe ƙayau da rani, wuta ta cinye su, su sake tofowa kafin tsirran asali su farfaɗo. Gobarar garin Lahaina da ke Maui ta 8 ga Agusta 2023, wadda ta hallaka mutane kimanin 100, ta sa hukumomi da jama'a suka sake duban wannan lamari da idon basira. A ƙarshe akwai gine-gine, domin busasshiyar gaɓa mai rana ita ce wurin da masu otal da masu gidaje suka fi so. Tsibirin Kahoolawe kuwa ya sha wata wahala ta daban: sojojin Amurka sun mayar da shi filin gwajin bama-bamai daga 1941 zuwa 1990, aka mayar wa jihar Hawayi da shi a 1994, kuma tun daga nan ake ta aikin sake dasa tsirran asali a cikinsa.

Wane wuri ne ya dace da ita a cikin lambu?

Wurin da ya fi kowane rana. Ma'o tana son hasken rana kai tsaye daga safe zuwa yamma, kuma idan aka sa ta a inuwar mangwaro ko a bayan katanga, rassanta sukan miƙe su yi siriri, ganyen ya rasa sheƙinsa, fure ya yi wuya. Iska ba ta dame ta ba, feshin gishiri daga teku ma haka, saboda haka gidajen da ke bakin ruwa, inda furannin ado da yawa suke ƙonewa, sun dace da ita ƙwarai. A bar mata faɗin da bai gaza mita ɗaya da rabi ba ta kowane gefe, kada a matse ta da gefen hanya inda za a riƙa karya mata rassa.

Mazauna ɓangaren da ruwa ya yi yawa, irin su Hilo ko kwarin Manoa, za su sha fama da ita. A ra'ayina gara su zaɓi wani tsiron asali da ya dace da damshi, domin Hawayi ba ta rasa su ba. Wanda ya nace sai ma'o, to ya sa ta a babbar tukunya a ƙarƙashin bakin rufin da yake fuskantar rana, inda zai iya iko da yawan ruwan da yake sauka a kanta.

Wace irin ƙasa take so?

Ba ta da tsirfa a kan irin ƙasa muddin ruwa ba ya kwanciya. Tana yi a jigawa, tana yi a yashin murjani na bakin teku, tana yi a tsakuwar dutse mai aman wuta, har a ƙasa mai yumɓu ma ana ganinta a daji idan wurin gangare ne kuma busasshe. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a haƙa rami mai zurfin kamu biyu a cika shi da ruwa. Idan aka dawo bayan 'yan sa'o'i aka tarar ruwan yana nan, wurin bai dace ba sai an gyara. Gyaran kuwa shi ne a tayar da tudu ko kunya mai tsayi, a gauraya ƙasar da baƙar tsakuwar dutsen wuta wadda ake sayarwa a shagunan kayan lambu na tsibiran, a dasa a saman tudun. Wajen rufe gindinta, tsakuwa ta fi ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace, domin waɗannan suna riƙe damshi a jikin kara su jawo ruɓa.

Daga ina ya kamata a samo iri ko dashe?

Daga wuraren renon tsirran asali, ko daga lambunan adana tsirrai a lokutan da suke sayarwa ga jama'a. Lambun Maui Nui da ke Kahului ya ƙware a tsirran gaɓa da na busasshen daji. A Oahu akwai lambun Koko Crater da yake nuna tsirran busassun wurare, da lambun Halawa na hukumar ruwan sha ta Honolulu, wanda aka buɗe a 1989 domin koya wa jama'a yin lambu da ruwa kaɗan. Ko ba a sayi komai ba, zuwa ganin babbar ma'o a irin waɗannan wurare yana hana mutum kuskuren dasa ta a ƙuntataccen lungu.

Tsinkar iri a daji abu ne da ya kamata a guje masa. A wuraren da gwamnati ta keɓe sai da izini, kuma ko babu doka, tsirran da suka rage a wasu gaɓoɓin ba su da yawan da za su ɗauki hannun kowa. Yana da kyau mai saye ya tambayi daga wane tsibiri asalin irin ya fito, ya fifita na tsibirinsa, musamman idan gidansa yana kusa da inda ma'o take fitowa da kanta.

Yaya ake tsirar da irin?

A jira ƙwallon ya bushe ya fashe da kansa kafin a cire. Daga nan sai a zauna a tsige gashin da yatsa ƙwaya bayan ƙwaya, aikin da yake cin lokaci domin gashin ba ya saki da daɗin rai kamar na audugar gona. Idan ƙwayar ta fito fili, za a ga tana da gefe mai tsini da gefe mai faɗi. A kama ta ta wajen tsinin, a ɗauki abin yanke farce ko sanfefa, a ɗan kankare ɓawon ta gefen mai faɗi har sai wani ɗan fari ya leƙo, a tsaya nan. Idan aka zarce aka ci cikin ƙwayar, ko aka yanke ta wajen tsinin inda saiwa za ta fito, an lalata ta. Sai a zuba ƙwayoyin a ruwa mai ɗumi su kwana. Da safe waɗanda suka sha ruwa za su kumbura su yi laushi, waɗanda suka rage da taurinsu kuma a sake kankare su kaɗan a mayar.

A shuka su a zurfin kamar santimita ɗaya cikin cakuɗen da ruwa yake wucewa da sauri, a ajiye a wuri mai haske, a riƙa yayyafa ruwa gwargwadon yadda ƙasar za ta kasance da laima ba tare da ta jiƙe sharkaf ba. Irin da aka kankare yakan tsira cikin 'yan kwanaki zuwa makonni kaɗan, wanda ba a taɓa ba kuwa yana iya kwanciya watanni. Idan tsiron ya yi ganye na gaske huɗu ko fiye, a mayar da shi tukunyarsa shi kaɗai, a riƙa ƙara masa rana a hankali. Kada a bar shi ya daɗe a ƙaramar tukunya, domin saiwarsa tana son nutsawa ƙasa, in ta nannaɗe a cikin tukunya ba ta warwarewa da kyau bayan dashe. Lokacin dashe mafi dacewa shi ne farkon watannin ruwa.

Ana iya dasa ta ta hanyar yankan reshe?

Ana iyawa. A yanki reshen da ya fara ƙwari amma bai tsufa ba, mai tsawon kamar santimita 15, a cire yawancin ganyensa, a soka shi a cakuɗe mai tsakuwa a wuri mai inuwa kaɗan, ya yi saiwa cikin wata ɗaya zuwa biyu da ɗoriya. Sai dai duk abin da aka samu ta wannan hanya kwafin uwar ne, don haka wanda yake son lambunsa ya taimaka wajen adana jinsin gara ya yi amfani da iri daga iyaye daban-daban.

Ruwa nawa take bukata?

Nan ne mafi yawan masu lambu suke rasa ta. A makonnin farko bayan dashe tana bukatar ruwa a kai a kai, kamar sau biyu a mako, domin saiwarta ta kama. Bayan wata biyu ko uku, idan sabon tofo ya bayyana, sai a fara ja da baya, a riƙa ba ta ruwa mai yawa a lokaci guda amma a bar tazara mai tsawo, har ƙasar ta bushe sosai kafin a ƙara. Wadda ta kafu ta shekara a ƙasa tana iya wuce rani da ban ruwa sau ɗaya ko biyu a wata, a wasu wuraren ma ba ta bukatar ko ɗaya.

Matsalar ita ce alamar ƙishirwa da alamar yawan ruwa suna kama da juna a idon wanda bai saba ba. Ma'o da ruwa ya yi wa yawa takan yi yaushi, ganyenta na ƙasa ya yi rawaya ya zube, domin saiwar ta fara ruɓewa ba ta iya jan ruwan. Mai lambu ya ga yaushi sai ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Kafin a ɗauko bokiti, a tura yatsa cikin ƙasar har ya nutse. In akwai sanyin laima, a ƙyale ta. Haka nan zubar da wani ɓangare na ganye a tsakiyar rani ɗabi'arta ce ta rage asarar ruwa, kuma takan mayar da shi da zarar ruwa ya sauka. Launin ganyen ma yana ba da labari: idan ya bar toka-toka ya koma kore shar ya yi faɗi fiye da kima, ruwa ko taki ya yi yawa.

Babban abokin gabarta a gidajen zamani shi ne famfon feshi mai kunna kansa da ake sa wa ciyawar tsakar gida. Yana jiƙa ganyen kowace safiya, gashin ganyen ya riƙe ruwan, cututtukan tabo da tsatsar ganye su samu wurin zama. Ma'o da ciyawar ado ba sa zama a layin ban ruwa ɗaya, kuma duk lokacin da za a ba ta ruwa a zuba a gindi.

Tana bukatar taki?

Kaɗan ƙwarai. Ɗan takin zamani mai narkewa a hankali, sau ɗaya ko biyu a shekara, a rabin abin da aka rubuta a jikin buhu, ya wadatar, musamman ga wadda ke cikin tukunya. Taki mai yawan sinadarin naitirojin yana sa ta yi ganye mai taushi da ƙwari suke so, fure kuma ya ragu.

Waɗanne ƙwari ne suke damunta?

Masu tsotson ruwan ganye su ne kan gaba: farin ƙuda, da ƙwarin da suke taruwa kamar farin gari a mahaɗar rassa, da masu mannewa a jikin kara kamar ɓawo. Kusan duk inda aka gan su za a ga tururuwa suna hawa da sauka, domin tururuwan ne suke kiwon su saboda ruwan zaƙin da suke fitarwa, suna kuma kore ƙwarin da za su cinye su. Wanda ya yi feshi bai magance tururuwa ba zai sake yi bayan mako biyu. Ruwan sabulu mai sauƙi ko man darbejiya yana isa, amma a fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi, a kuma gwada a reshe ɗaya tukuna, domin ganye mai gashi yana riƙe mai ya ƙone a rana.

Akwai kuma wani ƙwaro mai ruwan ƙasa, Adoretus sinicus, wanda yake wuni a ɓoye cikin ƙasa ya fito bayan magariba. Da safe sai a tarar ya cinye naman ganyen ya bar jijiyoyin kawai, ganyen ya zama kamar rariya. Ba ya son haske, shi ya sa masu lambu a tsibiran suke kafa 'yar fitila mai aiki da hasken rana kusa da ƙananan tsirrai, ko su fita da tocila a farkon dare su kakkaɓe ƙwarin cikin ruwan sabulu. Babbar ma'o tana jure ɓarnarsa, ƙarama ce take bukatar kariya. A cikin ƙasa kuma akwai ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani masu sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, waɗanda suka fi yawa a inda aka daɗe ana shuka tumatir ko kuɓewa, don haka a nisanta ta daga tsohon fegin kayan miya.

Me ya sa take fure amma ba ta yin ƙwallo?

A furen ma'o, kan macen yana miƙewa ya zarce mazan da suke ɗauke da garin barbara, saboda haka garin ba ya cika isa wurin da kansa sai wani ya kai shi. An daɗe ana zaton malam-buɗe-littafin dare ne yake wannan aiki, amma binciken da aka buga a 2010 ya nuna cewa a yanzu ƙudan zuma da wani babban ƙudan zuma mai huda katako, waɗanda dukansu baƙi ne a tsibiran, su ne suke ziyartar furen da rana. A lambun da ake yawan feshin maganin ƙwari, ko a saman bene inda zuma ba ta zuwa, sai mai lambu ya yi da hannunsa: da hantsi ya shafo garin da ɗan burushi mai laushi ya goga a kan macen, zai fi kyau in daga wata uwar ya ɗebo.

Ana datse ta?

Ana rage mata rassa kaɗan-kaɗan domin ta yi cunkus, musamman tsinke kan tofo tun tana ƙarama. Matattun rassa a cire su duk lokacin da aka gani. Sassabe ta gaba ɗaya har zuwa tsohon kara ba dabara ba ce, domin ba kullum take farfaɗowa ba.

Shin ita ce furen da jihar Hawayi ta ɗauka a matsayin tambarinta?

A'a, sunayen ne suke kama. Furen jihar shi ne ma'o hau hele, wato Hibiscus brackenridgei, wanda aka ayyana a 1988. Shi ma ruwan ɗorawa ne, dangi ɗaya ne da ma'o, amma ya fi ta tsayi da girman fure, kuma yana cikin jerin tsirran da gwamnatin tarayyar Amurka ta ce suna dab da ƙarewa. Mai saye ya duba sunan kimiyya a jikin takardar tukunya.

Wane amfani ta yi wa noman auduga a duniya?

Audugar gona tana da wasu 'yan ƙofofi a bayan ganyenta da kuma gindin furenta daga waje, waɗanda suke tsatso ruwan zaƙi. Wannan zaƙi yana ciyar da ƙwari masu ɓarna, ciki har da iyayen tsutsar da take huda ƙwallon auduga. Ma'o ba ta da waɗannan ƙofofi, sai na cikin fure kawai. Masu bincike biyu a Stoneville ta jihar Misisipi, James Meyer da Vesta Meyer, sun yi barbarar ma'o da audugar gona suka shigar da wannan hali cikinta, suka buga sakamakon a 1961, inda suka nuna cewa ƙwayoyin gado biyu ne suke riƙe da shi. Daga nan aka fitar da irin audugar kasuwa marasa ƙofofin zaƙi, waɗanda wasu ƙwarin ba sa yawaita a kansu. Masu kyautata iri suna ci gaba da duba ta saboda jure fari da zafi da gishiri. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa shukar da ba ta ba da zare ba ta cancanci wuri a lambu ba.

Akwai laifi a dasa ta kusa da wata auduga?

Akwai, kuma babba ne. Da yake adadin kuromozom ɗinsu ɗaya ne, ma'o tana barbara da audugar gona su haifi 'ya'ya masu haihuwa. An gwada noman auduga a Hawayi a ƙarni na 19, har gwamna Kuakini ya kafa masaƙa a Kailua ta yankin Kona a ƙarshen shekarun 1830, aka sake himmatuwa lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 da farashi ya tashi. Noman bai ɗore ba, amma Gossypium barbadense ta saura a bakin hanyoyi da tsofaffin gidaje. Idan tana kusa, ƙudan zuma zai haɗa su, kuma irin da aka tara daga wannan ma'o ya gurɓata. Alamun gauraye sun haɗa da gashin iri mai tsawo ko mai haske, da ganye mai ƙarancin gashi, da tabo a tsakiyar fure. Saboda wannan haɗari ne hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana noman audugar Bt, wadda aka sauya wa ƙwayoyin gado, don kasuwanci a Hawayi.

Da waɗanne tsirrai za a haɗa ta?

Da maƙwabtanta na daji, waɗanda bukatarsu ta ruwa ta zo ɗaya da tata: ilima mai ƙananan furanni ruwan lemo da take shimfiɗa a ƙasa, da pohinahina, da aalii, da naio, da ciyawar pili, sannan itacen wiliwili daga baya idan fili ya isa. Samun waɗannan a kasuwa ya ƙara sauƙi tun bayan dokar jiha ta 2015 da ta wajabta sa tsirran Hawayi a sababbin ayyukan ƙawata wuraren gwamnati, daga kashi 10 cikin ɗari a 2019 zuwa kashi 25 a 2025 da kashi 35 a 2030, abin da ya sa masu reno suka ƙara yawan abin da suke tsirarwa.

Baƙo zai iya ɗaukar irinta ya tafi da shi ƙasarsa?

Ba zai iya ba ta hanyar sa shi a jaka. Ma'aikatar noma ta Amurka ta hana fitar da auduga da ƙwallonta daga Hawayi zuwa sauran jihohi saboda tsutsar ƙwallon auduga, kuma ana duba kayan matafiya a filin jirgi kafin su tashi. Ƙasashen da suke noman auduga su ma suna da dokokin shigo da iri. Ga wuraren noma irin su Funtuwa da Gusau, inda Gossypium hirsutum ce a gonaki, shigo da ita ba bisa ƙa'ida ba yana iya kawo baƙuwar cuta ko ƙwaro, ita kanta ma'on kuma za ta gauraya da audugar gona tun a zuriyar farko. Cibiyoyin bincike da suke bukatarta don kyautata iri suna neman ta ne daga rumbunan adana iri, kamar na ma'aikatar noma ta Amurka da ke College Station a jihar Texas, tare da takardar shaidar lafiyar iri da izinin hukumar killace tsirrai ta ƙasar da za a kai shi.